Jan Akwati A Bakin Titi: Tarihin Gamewell, Kamfanin Ƙera Ƙararrawar Gobara

Kafin ɗan kwana-kwana ya nemi ruwa, ko mesa, ko tsani, akwai abin da yake bukata tukuna, watau labari. Sai an gaya masa wuta ta tashi, an kuma gaya masa daidai inda ta tashi, kana sauran kayan aikinsa su yi amfani. Wutar da guga ɗaya zai kashe a lokacin da ta fara, in aka ba ta rabin sa'a sai ta gagari mutanen unguwa duka. A cikin wannan ɗan tsakani, daga sa'ad da ido ya fara ganin hayaƙi zuwa sa'ad da masu kashewa suka ji, wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Gamewell ya kafa sana'arsa, ya kuma ci abinci a cikinta fiye da shekara 140.

A farkon ƙarni na 19 manyan biranen Amurka ba su da wata dabarar sanar da gobara da ta wuce ihu da ƙararrawa. Wanda ya ga wuta sai ya kwarma ihu, ko ya sheƙa majami'a mafi kusa a kaɗa ƙararrawarta. Da wata majami'ar ta ji sai ita ma ta ɗauka, kafin a jima gari duk ya ruɗe da ƙara, amma ba wanda zai iya cewa ga unguwar da ake ci. 'Yan kwana-kwana na lokacin, waɗanda yawancinsu 'yan sa kai ne, sai su fito suna jan famfunansu a kan amalanke, suna duban sama ko za su hangi ja. Sau da yawa wasu su yi gabas wasu su yi yamma. A New York an gina hasumiyoyi an sa masu tsaro a kai, aka raba birnin shiyya-shiyya, kowace shiyya da yawan bugun da ake yi mata. Wannan ya rage wahala, amma shiyya guda tana da tituna da yawa, kuma mai tsaro ba ya ganin wuta sai ta riga ta huda rufi.

LIKITA DA INJINIYA

A cikin shekarar 1844 Samuel Morse ya aika da saƙon tangaraho daga Washinton zuwa Baltimore. Mutane da yawa suka ga hanyar aika labarin kasuwa da na siyasa daga gari zuwa gari. Wani mutumin Boston, Dokta William F. Channing, wanda ya karanta aikin likita amma hankalinsa ya fi karkata ga lantarki, shi kuwa sai ya ga wani abu dabam. A 1845 ya rubuta a wata jaridar Boston cewa wayar da ta iya kai magana wani gari ai ta iya kai ta daga wannan unguwa zuwa waccan a cikin gari ɗaya. Ya kwatanta birni da jikin mutum: akwai jijiyoyin da ke kai labarin ciwo ga ƙwaƙwalwa, akwai kuma waɗanda ke ɗauko umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Likita dai bai bar halinsa ba.

Shekaru suka wuce kafin hukumar birnin ta saki kuɗi. Channing ya haɗa kai da wani gwanin injiniya, Moses G. Farmer, wanda ya ƙera na'urar da za ta sa lantarki ya saki guduma ta bugi babbar ƙararrawa ba tare da hannun mutum ba. Ran 28 ga Afrilu, 1852, aka buɗe aikin, da akwatuna 40 a bakin tituna, da manyan ƙararrawa 19, dukansu a haɗe da ofishi guda a tsakiyar gari. Kashegari da dare, da ƙarfe 8:25, saƙo na farko ya shigo. Ba Boston kaɗai ke wannan tunani ba, domin a 1851 kamfanin Siemens da Halske ya shimfiɗa wa birnin Berlin na Jamus wayar sanar da gobara. Abin da Boston ta zo da shi shi ne ajiye akwatin a kan titi, da lambarsa, a tsakiyar jama'a.

Akwatunan farko suna da hannu wanda ake juyawa kamar na injin markaɗe. Nan aka fara gane cewa na'ura ba ta gama aiki sai an lissafa da halin ɗan Adam. Mutumin da gidansa ke ci ba ya juya hannu a hankali. Wasu sukan juya da irin saurin da ma'aikacin ofis ba ya iya karanta kome cikin abin da ya iso. Daga baya aka sauya, aka sa sifirin da kayan ciki irin na agogo, yadda abin da mutum zai yi bai wuce ya ja wata ƙugiya ƙasa ya saki ba, saura kuma akwatin ya yi da kansa, a kan saurin da aka tsara masa.

MAI GIDAN WAYA DAGA KUDU

John Nelson Gamewell, wanda aka haifa a 1822, shi ne mai kula da gidan waya da tangaraho a wani ƙaramin gari, Camden, a jihar Carolina ta Kudu. A 1855 ya saurari laccar da Channing ya yi a cibiyar Smithsonian da ke Washinton a kan wayar gobara. Ba shi ne ya ƙirƙiro tsarin ba, kuma ba a san shi da da'awar haka ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne idon ɗan kasuwa. Ya lura cewa kowane birni a ƙasar yana da ciwon da Boston ta yi wa magani, kuma masu maganin ba su iya talla ba. A shekarar nan ya sayi izinin kafa tsarin a jihohin kudu da na yamma. Channing da Farmer suka sami takardar mallakar ƙirƙirarsu a 1857, a 1859 kuwa Gamewell ya saye haƙƙin baki ɗaya.

Ciniki bai yi sauri ba. 'Yan majalisar birni ba su son kashe kuɗi a kan abin da ba su taɓa gani ba, ƙungiyoyin 'yan sa kai kuma, waɗanda ke da ƙarfi a siyasar birane, ba duka ne suka yi maraba da tsarin da zai sa wani ofis ya riƙa gaya musu inda za su da lokacin da za su ba. Duk da haka birane kamar Philadelphia, da St. Louis, da Baltimore, da New Orleans sun karɓa kafin 1861.

A shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke. Gamewell mutumin Kudu ne, ya kuwa tsaya tare da mutanensa. Gwamnatin tarayya ta ƙwace takardun mallakarsa a matsayin dukiyar abokin gaba, ta sa su a gwanjo. Yadda tarihin kamfanin ya kawo labarin, wani ma'aikacinsa mutumin Boston, John Kennard, ya tafi Washinton da shirin biyan har dala 20,000 don ya fanso su. Da aka buga ƙararrawar gwanjo, dala 80 ya biya. Babu wanda ya san darajar abin da ake sayarwa sai shi. Wani ne da ya riƙe, don doka ta ba shi. Kennard ya mayar wa maigidansa, wanda yaƙi ya bari ba shi da ko anini, suka ci gaba da aiki tare. A 1867 aka kafa Kennard da Kamfani, ana ƙera kayan a Newton Upper Falls, kusa da Boston, a 1879 kuma aka kafa kamfanin da ke ɗauke da sunan Gamewell. Tambarinsu dunƙulallen hannu ne riƙe da kibiyoyin walƙiya, kuma har yanzu ana ganinsa a goshin tsofaffin akwatuna.

YADDA AKWATIN KE MAGANA

Ya kamata a ɗan tsaya a duba cikin akwatin, domin dabarar da ke ciki ita ce ta raya shi har ya ga jikokin waɗanda suka ƙera shi.

Akwatin ƙarfe ne na zubi, an yi masa siffar ɗan ƙaramin gida mai rufin tanka, an shafa masa jan fenti, an kafa shi a kan turke ko a jikin falwaya. A ciki akwai sifirin da aka wana, da wani ɗan faifai mai haƙora a gefensa. Haƙoran nan su ne sunan akwatin. Akwati mai lamba 52, alal misali, faifansa yana da haƙora biyar a jere, sa'an nan fili, sa'an nan haƙora biyu. In aka ja ƙugiya sai sifirin ya saki, faifai ya soma juyawa, kowane haƙori ya katse wutar da ke bin waya sau ɗaya. A can ofis sai ƙararrawa ta buga biyar, ta yi shiru, ta buga biyu. A lokaci guda wata na'ura tana huda ramuka a jikin doguwar siririyar takarda, biyar da biyu, don kada a dogara ga kunne kaɗai. Faifan yakan zagaya sau huɗu, saboda in an kuskure na farko a kama na biyu.

Ma'aikacin ofis ba ya bukatar ya ji muryar kowa. Ba ruwansa da ko wanda ya ja ƙugiyar baƙo ne da bai san sunan titin ba, ko bai iya Turanci ba, ko tsoro ya ɗaure masa harshe. A ƙasar da baƙi ke kwarara daga Italiya da Jamus da Rasha da sauran wurare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lamba ta riga ta faɗi wuri. Kowace lamba tana da katinta a ofis, an rubuta tun da wuri waɗanne tashoshi za su fita in ta buga, da waɗanda za su biyo baya in wuta ta yi ƙarfi aka sake bugawa. Daga ofis ake maimaita lambar zuwa tashoshi, inda ƙararrawar bango ke tada mutane daga barci. A zamanin dawaki har akan haɗa wayar da ƙofofin barga, su buɗe da kansu, dawakin da aka horar su fito su tsaya a gaban keken famfo.

Dabara ta biyu ta fi ta farko zurfi, ko da yake ido ba ya ganinta. Wutar lantarkin tana fitowa ne daga batura a ofis, ta bi waya ta ratsa akwatuna ɗaya bayan ɗaya ta komo, dare da rana ba ta tsayawa. Saƙo shi ne katsewarta. Amfanin wannan shi ne, in iska ta kayar da itace ya tsinka waya, nan take ofis zai sani, a tura mai gyara. Da an yi shi ta ɗaya hanyar, watau waya ta zauna ba wuta sai ran da za a aika saƙo, to, ba za a san ta tsinke ba sai daren da ake neman ta ruwa a jallo. Na'urar tsaro da ta mutu ba a sani ba ta fi rashinta haɗari, gama mutane sun saki jiki a kanta.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun maƙeran. Idan mutum biyu a tituna dabam suka ja akwatuna biyu da ke kan waya ɗaya a lokaci guda, sai lambobin su cuɗe, 52 da 34 su zama abin da ba shi da ma'ana. Gobara babba kuwa ita ce tafi sa mutane da yawa su ruga ga akwatuna. Aka fara ƙera akwatin da in ya tarar wani yana magana sai ya yi shiru. Amma shirun nan yana iya haɗiye labarin wata gobarar dabam. Sai aka ƙara gyara, aka yi wanda zai jira har layi ya sarara kana ya faɗi tasa lambar, kamar mai ladabi a gaban alƙali. Daga bisani aka yi wanda in waya ta tsinke zai aika saƙonsa ta cikin ƙasa. Yawancin waɗannan gyare-gyare sun ƙare a hannun Gamewell, ko dai ma'aikatansa suka yi, ko kuwa ya saya daga masu su.

DARE BIYU DA MAKULLI YA YI ƁARNA

Tun farko hukumomi sun ji tsoron yara da mashaya za su riƙa jan akwati don wasa. Maganin da suka gani shi ne a kulle shi, a ba ɗan sanda makulli, a ba wani mai kanti ko wani dattijo na kusa. Hankali ya yarda da wannan da rana. Da tsakar dare kuwa sai ka ga mutum yana bubbuga ƙofofi yana neman mai makulli, wuta tana ci.

Daren 8 ga Oktoba, 1871, wuta ta tashi a wata barga a titin DeKoven a Shikago. Birnin yana da wayar gobara. Wani maƙwabci ya ruga kantin magani inda akwati yake, amma saƙon wannan akwati bai taɓa isa ofis ba, kuma har yau masu tarihi suna gardama a kan dalili. Mai tsaro a hasumiyar kotu ya hangi wutar, ya yi kuskuren wurin, ya sa aka buga lambar wani akwati mai nisa da ita. Da ya gane ya nemi a gyara, ma'aikacin waya ya ƙi, wai kada a rikita mutane. Kafin ƙarfin 'yan kwana-kwana ya taru inda ya kamata, iska ta riga ta ɗauki wutar. Mutum wajen 300 suka mutu, gine-gine fiye da 17,000 suka ƙone, mutum wajen 100,000 suka rasa wurin kwana. An daɗe ana ɗora laifin a kan saniyar wata mata mai suna O'Leary, wai ita ta shure fitila, sai a 1997 majalisar birnin ta wanke matar.

Shekara guda bayan haka abin ya faɗa wa Boston kanta, mahaifar akwatin. Ran 9 ga Nuwamba, 1872, da almuru, wuta ta kama a ƙarƙashin wani gini a kusurwar titin Summer da Kingston. Mutane suka taru suna kallo, kowa yana zaton wani ya riga ya kai labari, akwati kuwa a kulle. Sai da ƙarfe 7:24 wani ɗan sanda ya buɗe akwati mai lamba 52 ya ja. Ga kuma annobar mura ta kwantar da dawakin birnin, dole mutane suka ja kekunan famfo da hannu, ga bututan ruwa tsofaffi ƙanana, abin da shugaban 'yan kwana-kwana John Damrell ya sha yin kuka a kai ba a saurare shi ba. Gine-gine 776 suka tafi, a fili mai eka 65 na tsakiyar kasuwancin birnin.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba a daren Boston. An hana hannu isa gare ta ne. Bayan waɗannan masifu aka shiga neman hanyar da kowa zai iya buɗe akwati. Aka yi ƙofa marar makulli wadda in an murɗa ta take kaɗa wata ƙararrawa mai ƙara, don jama'a su waiwayo su ga wanda ya buɗe. Ita ma ta zo da nata aibin, domin wasu da sun ji ƙarar sai su ɗauka saƙo ya tafi, su juya ba su ja ƙugiyar ciki ba. Aka yi mai makulli a bayan ɗan gilashi, a fasa a ɗauka. A ƙarshe aka tsaya a kan 'yar murfi da za a ɗaga a ja. Kiran ƙarya ya ƙaru ƙwarai, ba shakka. Birane suka auna, suka ga gara motar kwana-kwana ta fita sau goma a banza da a sake kwana irin na 1872.

KASUWA TA ZAMA TASA

Tsoron da gobarar Shikago da ta Boston suka jefa a zukatan hukumomi ya yi wa Gamewell tallan da bakinsa bai iya yi ba. Kamfanonin inshora su ma suka matsa, suna sassauta kuɗi ga garin da ya kafa waya. A 1886 birane 250 ke aiki da kayan kamfanin, a 1890 sun kai 500. Gamewell ya rasu a 1896 a Hackensack ta jihar New Jersey. Zuwa 1910 an ƙiyasta kashi 95 cikin 100 na wannan kasuwa a Amurka yana hannun kamfanin da ya bari.

Kayan da suke ƙerawa sun wuce akwati. Akwai na'urar huda takarda, da ƙararrawar tasha, da gudumar buga ƙararrawar hasumiya, da allunan ofis masu kula da layuka da batura. Ga ƙananan garuruwa da ba su da ma'aikatan dindindin akwai wani ƙaho mai aiki da iska, Diaphone, wanda ke busa lambar akwati da irin muryar da manomi zai ji daga gona. Sun yi wa 'yan sanda nasu akwatin, wanda ɗan sanda mai sintiri zai buɗe ya shaida wa ofis yana bakin aiki, ko ya nemi a kawo mota. Sun kuma yi akwatin da ake haɗawa da makaranta ko asibiti ko masana'anta, yadda in ƙararrawar cikin ginin ta tashi, shi zai ja kansa ya kira 'yan kwana-kwana ko da ba kowa a wurin.

Kada a ɗauka nagartar kaya kaɗai ta kawo kashi 95 ɗin nan. Kamfanin ya yi ta sayen ƙananan abokan gasa, ya yi ta shari'a a kan takardun mallaka. Garin da ya riga ya shimfiɗa layi da kayan Gamewell kuwa da wuya ya koma ga wani, tun da sabon akwati dole ya yi magana da tsohon ofis. Gwamnatin tarayya ta kai kamfanin kotu a kan danne kasuwa, a 1948 kuma ya amince da hukuncin da ya taƙaita masa wasu hanyoyin cinikinsa. Wanda ke sayar da abin da rai ya dogara a kai, in ya zama shi kaɗai ne a kasuwa, dole a sa masa ido.

DAGA TITI ZUWA CIKIN ƊAKI

Abin da ya karya kasuwar akwatin titi shi ne tarho. Da ya shiga gidaje, mutum ba ya bukatar ya fita da gudu. A 1968 aka fara aiki da lambar gaggawa ta 911, a garin Haleyville na jihar Alabama, sannu a hankali ta game ƙasar. Birane suka duba kuɗin gyaran waya da yawan kiran ƙarya, suka shiga tumɓuke akwatuna. Washinton ta daina aiki da nata a cikin shekarun 1970, daga baya aka ba masu zane kwankwason da suka rage suka mai da su abin ado.

A wannan lokaci kuma aikin gano wuta ya tashi daga idon mutum ya koma ga na'ura. Masana a Suwizalan, Walter Jaeger da Ernst Meili, su suka share hanyar na'urar da ke jin hayaƙi tun kafin a ga harshen wuta, a 1965 kuma wani Ba'amurke, Duane Pearsall, ya fito da ƙarama mai aiki da batir wadda za a manna a rufin ɗaki. Bukatar ta ƙaru ne domin kayan ɗaki sun sauya. Gwajin da aka yi a Amurka a tsakiyar shekarun 1970 ya nuna mutum yana da wajen minti 17 ya fice bayan na'ura ta yi ƙara. Da aka sake irin gwajin a farkon shekarun 2000, da katifu da kujeru na soso da roba, abin ya komo wajen minti 3 a gobara mai harshe.

Gamewell ya bi kasuwa zuwa cikin gine-gine. Ya sauya iyayengiji fiye da sau ɗaya, ya bar tsohuwar masana'antarsa ta Newton, a 2003 kuma kamfanin Honeywell ya saye shi, aka haɗa shi da wani mai suna Fire Control Instruments, suka zama Gamewell-FCI. Abin da aka san sunan da shi a wannan zamani shi ne allunan kula da gobara na manyan gine-gine, irin su E3 Series, tare da na'urorin jin hayaƙi da zafi, da 'yan akwatunan ja na jikin bango, da fitilu masu walƙiya saboda kurame, da lasifika mai gaya wa mutanen kowane hawa ta inda za su fita. Wanda ya san tsohon akwati ba zai yi baƙunta a nan ba. Kowace na'ura da ke rufi tana da lambarta, allo yana zagaya su yana tambayar lafiyarsu ba fashi, in ɗaya ta yi shiru ko waya ta tsinke sai ya yi ƙorafi. In hayaƙi ya tashi, allon zai rubuta hawa kaza, ɗaki kaza. Tunanin Channing ne aka ɗauke daga birni aka sa a cikin bene ɗaya.

WAƊANDA SUKA ƘI TUMƁUKEWA

Ba kowane birni ya rabu da jan akwati ba. San Francisco ta riƙe nata, kuma a girgizar ƙasa ta 1989, sa'ad da layukan tarho suka cushe, wutar gari ta ɗauke, akwatunan sun ci gaba da kai saƙo, tun da sifirin ba ya jiran wutar kowa. A New York hukuma ta yi yunƙurin cire nata a tsakiyar shekarun 1990, ta sake yi a zamanin magajin gari Michael Bloomberg, hujjarta ita ce mafi yawan kiran da ke fitowa daga cikinsu na ƙarya ne. Ƙungiyoyin kurame suka kai ƙara, suka ce wanda ba ya ji ba ya magana, in ya ga wuta a titi, da me zai kira? Alƙalin tarayya Robert Sweet ya goyi bayansu a karo na farko, ya sake hana cirewar a 2011.

Boston kuwa, wadda ta mai da ofishinta na ƙararrawa unguwar Fenway a 1925, ta ci gaba da kula da akwatuna fiye da 1,000, da ma'aikatan da ke zagayawa suna gwada su suna wana sifirin. An sha yi wa birnin dariya a kan haka. Ran 28 ga Disamba, 2018, wata tangarɗa a layukan kamfanin sadarwa na CenturyLink ta hana kiran 911 shiga a wurare da dama na ƙasar, har da jihar Massachusetts. Da asubahin ranar wuta ta tashi a wani gini a titin Endicott, a unguwar North End. Wani ya nemi 911 bai samu ba, ya fita ya ja akwati mai lamba 1212. 'Yan kwana-kwana suka iso suka kashe wutar tun tana ƙarama, ba wanda ya ji rauni. Hukumar kashe gobara ta birnin ta sanar daga baya cewa daga wurin da akwati 1212 yake tsaye ne aka aiko saƙon farko, a daren 29 ga Afrilu, 1852.